An yi mana tayin tsofaffin bas biyu kyauta: ta ina za mu fara gidan tarihin?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Mu goma sha biyu ne, akwai tsofaffin direbobi da makanikai, akwai masu sha'awa kawai. Muna da tsofaffin motocin bas guda uku a filin wani daga cikinmu, ga kuma wani kamfani ya ce zai ba mu biyu kyauta idan za mu kwashe su kafin wata ya ƙare. Burinmu mu buɗe gidan tarihi na bas-bas da 'yan sa-kai za su riƙa gudanarwa. Ta ina za mu fara?"

Malam, Allah ya yi wa niyyarku albarka. Amma kada ku amsa wa kamfanin nan tukuna. Na san zuciya ba za ta so jin haka ba, domin wanda ke son waɗannan motoci ba ya iya kallon ɗaya ta tafi hannun 'yan gwangwan. Na daɗe a wannan aiki, kuma na ga ƙungiyoyi fiye da ɗaya da kyautar mota ta durƙusar. Motar bas ko an ba ka ita kyauta, da bashinta take zuwa: kuɗin janyo ta, wurin ajiye ta, tayoyi shida, batir biyu, inshora, da shekarun aikin hannu. Tun ranar da kuka sa hannu a takardar karɓa, bashin ya hau kanku.

Ku fara da rufi. Motar bas da ke tsaye a fili lalacewa take yi kullum, ko ba wanda ya taɓa ta. Ruwan sama yana bin robar tagogi da ta bushe ya gangara cikin bodi, ya kwanta a inda ido ba ya gani. Tsofaffin bas da yawa ƙashin bodinsu na katako ne, aka lulluɓe da falankin ƙarfe ko alminiyam, saboda haka sai ka ga mota daga waje tana sheƙi alhali ginshiƙanta sun ruɓe, za ka iya tura sukundireba cikinsu da hannu ɗaya. Inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari. Rana tana ƙona fenti da taya da yadin kujeru. Tamfol ba ya magance wannan, sau da yawa ma ƙara ɓarna yake yi, don yana tare gumi a ƙarƙashinsa, iska kuma tana goga shi a jikin fenti. Abin da mota ke buƙata shi ne rufin da ba ya yoyo, daɓen siminti mai ɗaukar nauyi, da iska mai ratsawa. Idan danshin iskar ɗakin ya daɗe sama da kashi 65 cikin ɗari, tsatsa da fumfuna za su kama aiki, don haka ku sayi ƙaramin ma'aunin danshi ku rataye, ku riƙa rubuta abin da ya nuna.

Ku auna kafin ku yi hayar ko'ina. Routemaster, jar bas mai bene ta Landan wadda kowa ya sani a hoto, tsayinta sama ya kai kusan mita 4.4, tsawon gajerarta ya haura mita 8, nauyinta ba fasinja ya haura tan 7. Sito da yawa ƙofarsu ba ta kai wannan tsayin ba. Kuma wurin da za a ce ya ɗauki mota biyar, idan an bar hanyar da baƙi za su zaga da keken guragu da wurin buɗe inji, uku zai ɗauka.

Duba manyan gidajen tarihin da 'yan sa-kai ke riƙe da su, za ka ga tarihinsu kusan tarihin neman gini ne. Gidan tarihin sufuri na Manchesta, wanda aka buɗe a 1979, yana cikin wani ɓangare na tsohon garejin bas ne, hukumar sufurin yankin ke da ginin, 'yan sa-kai ke aikin. Na Sukotland da ke Lathalmond ya samu sararin ajiye motoci sama da ɗari ne saboda ya koma tsohon ma'ajin kayan sojan ruwa. Na bas-bas ɗin Landan ya yi shekaru a Cobham kafin ya koma sabon gini a Brooklands a 2011. Na Sidni a Ostareliya ya bar Tempe, ya shafe shekaru a rufe, sai a 2016 ya sake buɗewa a tsohon garejin taragon titi da ke Leichhardt. Kowannensu sai da ya sha wahalar muhalli. Shi ya sa filin ɗan'uwanku da motocin uku ke ciki yake damuna. Yau yana tare da ku, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma fili yana shiga gado, ana sayar da shi, kuma zumunci yakan yi tsami. Janye mota biyar da ba sa tashi cikin mako biyu aiki ne da ke karya ƙungiya. Ku nemi yarjejeniyar haya a rubuce mai tsawon shekaru, domin masu ba da tallafi ma da wuya su zuba kuɗi a ginin da za a iya tashin ku daga cikinsa baɗi.

Bayan rufi sai takarda, kuma nan ne abokai suka fi jin nauyin juna. Motocin nan uku na wane ne? Idan amsar ita ce "namu ne gaba ɗaya", to ba na kowa ba ne a idon doka. Ku yi wa ƙungiyar rajista a matsayin wadda ba ta neman riba bisa dokar ƙasarku, da kwamitin amintattu, da asusun banki da sai mutum biyu sun sa hannu. Kowace mota ta faɗa ɗaya daga cikin gida biyu: ko an mallaka wa ƙungiya ita har abada da takardar kyauta, ko aro ce daga mai ita, da wa'adi, da bayanin wanda zai biya gyara da inshora da wanda ke da izinin tuƙa ta. Tsarin aro ba aibi ba ne. A Lathalmond yawancin motocin na ɗaiɗaikun mutane ne. Abin da ke kawo rigima shi ne a yi shiru. Na taɓa ganin 'yan sa-kai sun shafe shekara huɗu suna gyara wata mota da kuɗin gudummawa, mai ita ya rasu, magada suka zo da takardun mallaka suka sayar da ita. Ba su yi zalunci ba, hakkinsu ne. Mu ne ba mu rubuta komai ba, kuma mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi kowa wahala a kanta ba su sake dawowa ba. A cikin tsarin mulkin ƙungiyar ku sa har da abin da za a yi da kayan idan ta rushe, wato a miƙa su ga wani gidan tarihi, kada a raba tsakanin mambobi. Ma'anar gidan tarihi da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta amince da ita a birnin Prag a 2022 ta ƙunshi cewa wuri ne na dindindin, ba na neman riba ba, mai yi wa jama'a hidima. Kalmar dindindin ɗin nan ita ta raba gidan tarihi da garejin abokai.

Sannan ku zauna ku rubuta, a shafi ɗaya, labarin da kuke son bayarwa. Bas-bas na birni ɗaya? Na kamfani ɗaya? Na wani zamani? Wannan shafin ne zai ba ku bakin cewa a'a. Da zarar an ji kun buɗe, tayi zai riƙa zuwa: mai tsohuwar mota a bayan gida, mai buhun tikiti, mai injin da ya tsage. Idan ba ku da ma'auni, cikin shekara biyar wurinku zai cika da abin da ba ku zaɓa ba, kuma ranar da motar da ta dace da ku ta fito ba inda za ku sa ta. Tsufa kaɗai bai isa dalili ba. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana lissafa mota cikin na tarihi ne idan ta kai shekara 30, amma motoci masu shekara 30 suna da yawa. Routemaster guda 2,876 aka ƙera, kuma tun da aka janye ta daga aikin yau da kullum a ranar 9 ga Disamba 2005, a layi mai lamba 159, ɗaruruwa suka tsira a hannun masu sha'awa a ƙasashe da dama. Ƙara ɗaya a kansu ba ya ceton komai. Motar da ke cikin haɗari ita ce wadda kowa ya raina don ya saba ganinta: ƙaramar bas ta unguwa, bas ɗin makaranta, ta ma'aikatan masana'anta. Irin waɗannan sukan ƙare ƙaf kafin wani ya lura.

Wani abin da za ku yanke tun yanzu shi ne wace mota za ta riƙa tafiya, wace za ta tsaya. Ra'ayina, gidan tarihin bas da ba a jin ƙarar inji a cikinsa ya rasa rabin ransa. Yaro ya hau bene ya zauna a kujerar gaba, ya ji bodi yana kaɗawa, kwandasta ya murɗa na'ura ya yago masa tikiti, wannan ba allon bayani da zai koya masa. Amma duk motar da ke tafiya tana cin kanta, kuma duk abin da aka canza mata na asali ya tafi. Saboda haka mota ɗaya, ko biyu in kun yi ƙarfi, ita za ta ɗauki mutane, kuma a zaɓi wadda kayan gyaranta ke samuwa. Wadda ita kaɗai ta rage a duniya, ko wadda har yanzu fentinta da kujerunta na asali ne, a bar ta ta huta.

Wadda za ta hau titi kuwa, a riƙe ta kamar motar haya, ko da doka ta yi muku sassauci. A Birtaniya, misali, akwai rangwamen gwajin shekara-shekara ga motocin da suka haura shekara 40 waɗanda ba a kasuwanci da su. Gidajen tarihi masu hankali duk da haka suna kai nasu a duba, domin birki bai san shekarun mota ba. Taya ce ta fi yaudara. Motar gidan tarihi ba ta tafiya mai nisa, sai zanen taya ya zauna kamar sabo alhali robar ta mutu. A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna lokacin ƙira: lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Idan lambobi uku ka gani, an yi tayar kafin shekarar 2000. Tun Fabrairun 2021 Birtaniya ta hana sa taya mai fiye da shekara 10 a gaban bas da manyan motocin da ke aiki, kuma ni wannan ma'aunin nake bi ga duk motar da za ta ɗauki 'ya'yan mutane, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. Tankunan iskar birki suna tara ruwa, sai a riƙa zubar da shi, in ba haka ba su yi tsatsa daga ciki. Man birki yana shan danshi. Dizal na zamani a ƙasashe da yawa ana gauraya shi da man tsirrai, a Turai har kashi 7 cikin ɗari, kuma idan ya daɗe a tanki yana jan ruwa, ƙwayoyin cuta su haifar da baƙar dauɗa da ke toshe matata. Tayar da inji na minti biyar a cikin rumfa kowane mako, wanda mutane ke ɗauka kulawa ce, cutarwa ce: injin bai yi zafin da zai kore gumi ba, sai ruwa ya taru a baƙin mai da salansa. Gara a fita da motar ta yi tafiya ta yi zafi sosai sau ɗaya a wata. Batun lasisin direba da inshorar fasinja kuma ku tambayi hukumar ƙasarku a rubuce, musamman bambancin ɗaukar mutane kyauta da karɓar kuɗin mota, domin a wurare da yawa karɓar kuɗi na mayar da ku kamfanin sufuri a idon doka.

Lafiyar mutanenku ta fi kowace mota. Tsofaffin bas suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, a takalman birki da faifan kuloci da naɗin salansa da wajen na'urar ɗumama ɗaki. Ƙurarsa tana kashewa bayan shekaru masu yawa, don haka ba a hure gangar birki da iska, ba a kankare shi a bushe, a kira waɗanda aikinsu ke nan. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Rim mai zobe, idan ba a zaunar da zoben daidai ba, yana iya tashi lokacin ba da iska ya hallaka mutum, shi ya sa ake hura shi cikin keji. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada kowa ya yi aiki shi kaɗai a rumfa. Gobara kuwa ita ce abin da ke hana ni barci: katako, tsohuwar waya, mai, da motoci a jere kafaɗa da kafaɗa. Kowace mota a sa mata makunnin da ke yanke batir gaba ɗaya, a kashe shi kafin a rufe ƙofa. Walda a yi ta nesa da sauran motoci, kuma a daina da sauran lokaci, wani ya zauna ya sa ido kafin a tashi.

Gyara kuma, mota ɗaya a lokaci ɗaya. Kwance mota yana da daɗi da sauri, mako biyu an zube ta. Mayar da ita shi ne shekaru. Rumfuna da yawa cike suke da motocin da aka kwance da zumuɗi, wanda ya kwance ya tafi, ba wanda ya san wane ƙarfe ne na ina. A ɗauki hoto kafin a cire kowane abu, a sa masa alama, a rubuta a littafin motar. Kamfanonin da suka yi motocin nan yawancinsu babu su: masana'antar AEC da ke Southall ta rufe a 1979, Volvo ta sayi sashen bas na Leyland a 1988. Abin da ka jefar yau wataƙila shi ne samfurin da za a buƙata don ƙera wani. Ko noti ma, tsofaffin motocin Ingila da awon Whitworth aka yi su, sifanar zamani ba ta kama su daidai, wanda bai sani ba sai ya cinye kan noti. Kuma a yi hattara da son mayar da komai sabo fil. Yarjejeniyar Turin da FIVA ta fara aiki da ita a 2013 tana jan hankali a kan a kiyaye abin da ke na asali, a rubuta duk canjin da aka yi. Matakalar da ƙafafun fasinja suka sassaƙe, da sandar riƙo da hannaye suka goge, su ne shaidar cewa motar ta yi aiki.

Wannan ya kawo ni kan abin da masu son inji suka fi sakaci da shi, wato takardu da mutane. Motar da Rosa Parks, wata baƙar fata Ba'amurkiya, ta ƙi tashi daga kujerarta don ba wa farar fata wuri a birnin Montgomery na Amurka ranar 1 ga Disamba 1955 ta shafe shekaru kusan talatin a wani fili ana ajiye tarkace a cikinta. Abin da ya taimaka aka gane cewa ita ce, mai lamba 2857, shi ne wani kundin yankakkun jaridu da wani manajan kamfanin ya adana ya rubuta lambar a ciki. Gidan tarihin Henry Ford ya saye ta a 2001. Ba don wannan rubutun ba, da tsohuwar bas ce kamar dubbai. Saboda haka duk motar da za ku karɓa ku roƙi fayil ɗinta: littafin gyara, jadawalin tafiya, hotuna, kakin ma'aikata, allon sunayen tashoshi. Kuma kuna da dukiyar da ba ku lissafa ba, tsofaffin direbobin da ke cikinku. Ku zaunar da su ɗaya bayan ɗaya da wayar hannu ku naɗi muryarsu, yadda ake canza giyar da ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu, tashin asuba, fasinjojin da ba sa mantawa. Mota za ta iya jira shekara biyar a ƙarƙashin rufi. Dattijo mai shekara tamanin ba shi da wannan tabbacin. Yawancin baƙin da za su zo ma ba lambar inji ce ta kawo su ba, sun zo ne su nuna wa jikoki irin motar da ta kai su makaranta.

'Yan sa-kai ba a ba su albashi, don haka abin da ke riƙe su shi ne a san da zamansu kuma su ga aikinsu yana ci gaba. Cikin ku goma sha biyu na tabbata kusan kowa sifana yake son riƙewa. Wa zai riƙe littafin kuɗi, ya sabunta inshora, ya share banɗaki, ya tsaya a ƙofa yana fara'a? Ku nemo masu son waɗannan ayyuka da gangan, ku girmama su daidai da makanikai. Ku sa ranar aiki tsayayya a mako wadda ba ta canzawa. Sabon da ya zo, musamman matashi ko mace, kada a bar shi tsaye yana kallon ƙeyar mutane, a ba shi aiki na gaske a ranar farko, a haɗa shi da wanda zai koya masa. Na ga wuraren da dattawa suka riƙe ilimi a ƙirji suna korar yara da tsawa, yau ga motocin amma ba mai iya daidaita famfon mai. Kuma kada wani aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ko mabuɗi ne ko lambar sirrin asusu.

Kuɗin shiga da wuya ya riƙe irin wannan gida. Abin da ke biyan haya da wuta da inshora shi ne kuɗin da ke shigowa kowane wata ko an buɗe ko ba a buɗe ba: kuɗin mambobi, da kuɗin wurin ajiya da masu motocin aro ke biya. Ranakun buki biyu ko uku a shekara da ake fito da motoci, da ziyarar makarantu, da hayar mota ga masu shirya fim in doka ta ba ku dama, ƙari ne. Mutane suna saurin ba da gudummawa don fentin mota, ba sa son bayarwa don gyaran indararo, saboda haka daga kowace gudummawa ku sanar tun farko cewa wani kaso na gini ne. Ku tara abin da zai riƙe ku wata shida ba tare da baƙo ko ɗaya ba. Waɗanda suka ga rufe-rufen annobar korona a 2020 sun san dalili. Kada kuma ku yi alkawarin buɗewa kullum. Rana ɗaya a wata da ba ta taɓa saɓawa ta fi kwana bakwai da baƙo zai zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Game da motocin nan biyu, ga abin da zan yi da ni ne ku. A wannan makon ku je da makanikai biyu da tocila da guduma ƙarama. Ku shiga ƙarƙashi ku ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen maratayan sifirin da bayan tayoyin baya, ku ɗaga daɓen ciki, ku cire falanki ɗaya a ƙasan taga ku ga ginshiƙi, ku gwada ko inji na juyawa da hannu. Inji da ya kafe ana iya samun wani, shasi da ƙashin bodi da suka ruɓe su ne ke cin shekaru. Ku bincika ko akwai irinsu da aka riga aka adana a wani wuri. Sannan ku roƙi kamfanin abu biyu: ƙarin wata uku, da duk takardu da kayan gyaran da ke sitonsu na irin waɗannan motoci, waɗanda galibi ranar da aka kwashe motocin ake zubar da su. Idan ɗaya ta dace da shafin da kuka rubuta kuma kun samo mata rufi cikin wa'adin, ku karɓe ta da takardar mallaka da sunan ƙungiya. Ɗayar ku sanar da sauran masu adana motoci ko akwai mai wurin ajiye ta, idan babu, ku ɗauke ta hoto ciki da waje, ku cire tagogi da fitilu da kujeru da allon tashoshi da farantin lambar shasi kafin ta tafi.